Yadda ake buga golf a filin da ke bakin tafki

Mu a Sakkwato busasshiyar ƙasa muka saba da ita, ka buga ƙwallo da rani ta yi ta gangarawa kamar ba za ta tsaya ba. Ranar da hutu ya kai ka Lakowe Lakes a Legas, ko filin IBB na Abuja, sai ka sake lissafi. Can ciyawa da laima take, inda ƙwallo ta sauka kusan nan take tsayawa, ga ruwa yana jiran wadda ta kauce.

Fara da kama lokaci, ka nemi na sassafe. Rami 18 yakan ci awa huɗu ko fiye, in ka fita bayan gari ya waye ka gama kafin Azahar. Kaftani ya zauna a ɗaki, riga mai kwala da wando ake sawa. Sanduna kada su wuce 14 a jaka, doka ce. Ƙwallaye kuwa ka ɗebi tsofaffi da yawa, don tafki ba ya mayar da bashi.

Sai ka ɗauki yaron filin da zai riƙe maka jaka, ka kuma ji maganarsa. Ya fi ka sanin inda iska ke bi.

In ka iso ramin da ruwa ya gitta, nan ake gane mai haƙuri. Tambayi yadi nawa ne zuwa ɗaya gaɓar. In bugunka na kullum, ba wanda ka taɓa dacewa da shi sau ɗaya ba, zai ƙetare da rara, ɗauki sandar da ta fi wadda ka yi niyya nisa da mataki ɗaya, ka buga a natse. Kada ka ɗaga kai don ganin inda za ta, hakan ne ke sa sanda ta shafi saman ƙwallo ta nufi ruwa kai tsaye. In kuwa kana shakka, ajiye ta kusa da gaɓa, ka ƙetare a bugu na gaba. Abokai za su yi maka tsiya, bar su. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To ta faɗa fa? Tarar bugu 1 ce. Duba turakun da aka kafa a bakin ruwan. In rawaya ne, ko ka koma inda ka buga, ko ka ja baya a kan layin da ya miƙe daga tutar rami ya bi ta inda ƙwallon ta shiga. In ja ne kana da ƙarin zaɓi: auna tsawon sanda 2 daga mashigar, ba tare da matsowa kusa da rami ba. A wurin da ka zaɓa za ka sa wata ƙwallo ka ci gaba. Tun 2019 daga tsayin gwiwa ake sakin ƙwallo, ba daga kafaɗa ba.

Wadda ta nutse kuma ka yafe ta. Kada ka zura hannu, wasu tafkunan akwai kada a ciki.