Yadda za ka saba wa bakinka da godiya

'Yan'uwa, yawancinmu addu'armu duk roƙo ce, a ba ni a ba ni, godiya kuwa sai ranar bikin godiyar girbi a coci. Alhali 1 Tasalonikawa 5:18 a Littafi Mai Tsarki cewa ta yi mu yi godiya cikin kowane hali.

Fara da safe. Kafin ka taɓa waya, tun kana cikin bargo saboda sanyin Jos ɗin nan, faɗi abu uku da Ubangiji ya yi maka jiya, kuma ka kira su da suna, kar ka ce "na gode don komai" ka wuce, ce na gode an kawo wuta na yi guga, na gode Mama ta sayar da tumatir ɗinta a kasuwar Farin Gada kafin ya ruɓe, zazzaɓin yaro ya sauka. Samu ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa, ranar da zuciya ta yi nauyi shi za ka buɗe.

Sai mutane. A Luka 17 kutare 10 Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya, shi ma Basamariye, wato baƙo a wurin Yahudawa. To ka koma, kira antin da ta biya maka kuɗin makaranta, ko mesej ne tura mata yau.

Lokacin wahala kuwa ba wai ka yi kamar ba ya ciwo ba. Yi kukanka, sannan ka karanta Zabura 103 da ƙarfi. Manzo Bulus da abokin aikinsa Sila ma a kurkukun birnin Filibi suka yi waƙar yabo da tsakar dare, bayan an yi musu dūka.