Yadda za ki yi rabon kyauta a shafinki ba tare da kin tara 'yan cin banza ba

Duk wadda ta biya kuɗi aka buɗe mata shafin intanet na sana'arta ta san wannan ciwon, an gama shafi, hotuna sun fito ras, an sa farashi, amma sai a wuni a kwana ba wanda ya leƙa in ba ke da ƙanwarki ba. Mutanenmu nan Katsina sun saba da sitatus na WhatsApp, gara su turo miki "nawa ne" sau goma da su danna linki sau ɗaya. To rabon kyauta na cikin abubuwan da ke sa mutum ya danna. Da mata nake magana don mu muka fi yawa a harkar turaren wuta, humra, atamfa da kayan kicin, amma masu huluna da takalma ku ma ku ɗauka.

Kafin komai ki buɗe shafin da wayar wani, ba taki ba, irin ƙaramar Android ɗin nan da ta sha wuya, da data ba wayifai ba. In hotuna suna ɗaukar lokaci kafin su buɗe a rage musu nauyi. Ki tabbata kowane kaya da farashinsa, kuma maɓallin WhatsApp yana kai mutum kan lambarki kai tsaye. Ba a gayyatar baƙi gida ba shara.

Sai maganar mi za a bayar, kuma nan ne mafi yawa ke zamewa. Kada ki ba da data, kada ki ba da kati, kada ki ba da tsabar kuɗi. Kowa na son data, har yaron da ke JSS da mutumin da ke Legas wanda bai ma san mi ake kira humra ba, za su cika miki fom su tafi. Ki ba da abin da kike saidawa. Mai turare ta haɗa saiti, kwalbar turaren wuta, humra da kulacca. Mai atamfa ta ba da turmi ɗaya mai kyau. Wadda za ta ɓata lokacinta don ta ci turmin atamfa mai son atamfa ce, ita kike nema. Kuma a ganina kyauta uku matsakaita sun fi guda ɗaya babba, don mutum in ya ga mutum uku za su ci sai ya ji kamar da rabonsa, ke kuma kin samu baki uku da za su yi ta ba da labari a gidan biki. Ki lissafa kuɗin kayan har da na kaiwa, ki ɗauke shi a matsayin kuɗin talla, in kin san zai taɓa miki jari to ki rage.

Abu na gaba ba wasa a cikinsa, shiga ya zama kyauta. Da zarar kin ce a turo 200 ko 500 kafin a sa sunan mutum a ƙuri'a, ya tashi daga garaɓasa ya koma caca, wasu sun yi asara don ɗaya ya ci. Bayan haramci, garin nan ba ki son a sa miki wannan sunan. Shi kuma na "sayi kaya ka shiga ƙuri'a" malamai sun yi maganganu a kai, ni dai shawarata ki kauce, ki bar ƙofa a buɗe ga wanda ya saya da wanda bai saya ba. In kuwa abin ya girma har ana maganar firji ko babur, ki fara bincikar ƙa'idar hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, don tana da tsarin rajistar garaɓasa.

Yanzu ta ya za a sa su shiga shafin da gaske? Ki sa tambayar da amsarta ke cikin shafin kawai. Misali, "a cikin turarukanmu wanne ne aka haɗa da hawi, kuma nawa ne ƙaramar kwalbarsa?" Dole mutum ya buɗe, ya gangara, ya wuce kaya biyar shida kafin ya samu amsa, kuma a hanya idonsa ya riga ya faɗa kan wani abu. Fom ɗin shiga shi ma ya zauna cikin shafin, Google Forms kyauta ne kuma yana jera miki amsoshi a Google Sheets. Kada ki cika tambaya. Suna, lambar WhatsApp, gari ko unguwa, amsa, sai wani ɗan akwati da mutum zai danna cewa ya yarda ki riƙa turo masa tallan kaya. Wannan akwatin ba ado ba ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar mutum ake tura masa talla, kuma lambobin nan amana ne, ba a ba ƙawa don ita ma ta tallata nata.

Wurin gari kuwa zai nuna miki abin da ba ki sani ba, sai ki ga ashe rabin masu son kayanki 'yan Daura da Dutsin-ma ne ba 'yan Kofar Kaura ba.

Lokaci, sati ɗaya ya isa. In ya wuce haka an manta. Ki saita shi da lokacin da mutane ke shirin kashe kuɗi, kamar sati biyu kafin azumi, ko kafin babbar Sallah, 'yan Daura kuma ga Sallar Gani. Ki rubuta ranar rufewa da ƙarfe nawa, da ranar cire ƙuri'a, da cewa shiga ɗaya ga lamba ɗaya, da kuma wa zai biya kuɗin mota in wadda ta ci tana Funtua ko Malumfashi. 'Yan gidanku kar su shiga. Ko da gaskiya ɗiyar yayarki ta ci ba wanda zai yarda.

Wajen yaɗawa, ƙa'idar Facebook ta hana a ce "yi sharin a shafinka" ko "yi tagin abokai" a matsayin sharaɗin shiga, kuma suna so a rubuta cewa ba su da hannu a gasar. Na san kowa na yi, amma ranar da aka rufe miki shafinki na Facebook ba wanda zai taya ki kuka. Ki roƙi a yaɗa, kar dai ki mai da shi sharaɗi. Sannan ki rubuta da manyan baƙi cewa ba za ki taɓa neman a turo kuɗi ko lambar sirri kafin a karɓi kyauta ba, don 'yan damfara na buɗe shafi da hoton sana'ar mutum su bi masu shiga suna cewa sun ci, su turo kuɗin kaiwa.

Ranar ƙuri'a ki yi a idon kowa. Ki ware waɗanda suka ba da amsa daidai, ki rubuta lambar da kowa ya faɗo a jerin Google Sheets a 'yar takarda, a nannaɗe a zuba a kwano, a girgiza, a kira yaro ƙarami ya zaro, bidiyo na ɗauka ba yankewa tun daga zubawa har buɗewa. Kada ki nuna cikakkiyar lambar wayar kowa. A kai kaya cikin kwana biyu, cikin gari a ba mai kurkura, na nesa a sa a mota a tasha. Hoto kuma sai an tambaya, matan aure da yawa ba za su so fuskarsu ta fito ba, hannu riƙe da kaya ko 'yar murya ta godiya ta wadatar.

Inda cinikin yake shi ne wurin waɗanda ba su ci ba. A ce mutum 150 suka shiga, uku suka ci, saura 147 da suka riga suka ga kayanki suka yi sha'awa. Washegari, ba bayan sati ba, ki tura ma waɗanda suka danna akwatin yarda saƙo gajere: "Hajiya sannu da ƙoƙari, wannan karon rabo bai zo ba, amma mun ajiye miki ragin kashi 10 in kin yi oda ta shafi kafin Juma'a." Ki tuna birodkas na WhatsApp, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma wanda bai ajiye lambarki ba saƙon ba zai je masa ba, shi ya sa tun a fom za ki roƙi a ajiye lambarki a waya. Kar ki kwashe mutane ki zuba a guruf ba izini, fita za su yi har da bulokin.

Bayan sati biyu ki zauna da littafinki, nawa kyautar ta ci, mutum nawa suka yi oda da ragin, nawa ya shigo. In riba ta rufe kuɗin kyautar, ki sake wani bayan wata uku da wani kayan daban. In ba ta rufe ba, ki fara duba farashinki da kuɗin kaiwa kafin ki ƙara girman kyauta.