Yadda Ake Cire Ƙudan Zuma daga Silin ko Rufin Gida

Sau da yawa maigida ba ya sanin zuma ta sauka a rufin ɗakinsa sai ya fara jin wani kugi na fitowa daga silin idan dare ya yi tsit, ko kuma ya hangi ƙuda suna shige da fice ta wata 'yar kafa tsakanin kwano da bango. Wani kuwa sai ya ga tabo mai ruwan ƙasa ya bayyana a silin, kiyashi sun yi masa jerin gwano. Abin da kan fara zuwa zuciyar mutum a wannan lokaci shi ne ya fesa musu fiya-fiya ko ya kanga musu wutar kara, alhali waɗannan dabaru biyu su ne suka fi jawo asara.

Wuta dai hatsarinta a bayyane yake, domin cikin silin busasshen katako ne da wayoyin lantarki, kuma kakin zuma da kansa yana ci da wuta. Matsalar maganin ƙwari ce ba a cika lura da ita ba. Muddin ƙudan suna raye, su ne ke sanyaya saƙarsu: suna ɗebo ruwa, suna fifita da fukafukansu, su riƙe ɗumin wurin da 'ya'yansu suke a kan kusan digiri 35. Idan aka kashe su a ƙarƙashin kwano, musamman a zafin Maris da Afrilu, sai saƙar ta yi laushi ta ɓalle, zumar da guba ta riga ta shiga ta tsiyayo ta cikin silin, 'ya'yan da suka mutu su ruɓe su yi wari, sannan kyankyasai da ɓeraye su tare a wurin. Ƙamshin kakin da ya rage kuma shi zai kira wani ayarin zumar bayan 'yan watanni. Ga shi kuma akwai hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya ambaci ƙudan zuma cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Saboda haka aikin da ya dace shi ne a ɗauke su da rai tare da saƙarsu baki ɗaya, a toshe wurin.

Kafin komai, a tsaya a lura da su na kwana ɗaya ko biyu daga nesa. Idan dunƙule suka yi a bakin rufi ko a reshen darbejiyar tsakar gida, to masu ƙaura ne suka yada zango, kuma galibi sukan tashi da kansu idan ba a tsokane su ba. Amma idan ana ganin suna dawowa da garin fure mai ruwan ɗorawa manne a ƙafafunsu na baya, alama ce ta cewa sun kafa gida, sarauniya tana ƙwai, kuma akwai 'ya'yan da ake ciyarwa. Irin wannan gida yana iya ɗaukar ƙuda dubu 20 zuwa dubu 60, kuma zumar yankinmu ta fi ta Turai saurin fushi da bin mutum da nisa. Don haka shawarata ita ce a nemo mai kiwon zuma wanda ya saba da aikin, a haɗa shi da kafinta. A tambaye shi tun farko ko zai tafi da ƙudan ne a amya, domin akwai masu zuwa don zumar kaɗai, su kwashe ta su bar maigida da fusatattun ƙuda a kansa.

Sai shirin ranar aiki. A sanar da maƙwabta, a shigar da yara ɗaki a rufe tagogi, a kuma kwance awaki da tumaki da kaji a kai su nesa, saboda dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da hanyar gudu, kuma harbi mai yawa yana iya kashe ta. A kashe wutar lantarkin gidan daga tushe. Mai aikin ya sa kaya masu kauri masu hasken launi, da hula mai raga da ta rufe fuska da wuya, da safar hannu da takalmin ruwa, ya ɗaure bakin wando da na hannun riga. Kada ya shafa turare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan magariba, sa'ad da masu yawon neman fure suka dawo gida kuma kwano ya huce. A rufe gilashin tocila da jar leda, domin ƙudan zuma ba sa ganin jan haske sosai, amma farin haske yana jan su kai tsaye zuwa hannun mai riƙe da shi.

Hayaƙin da ake bukata mai sanyi ne, fari, marar harshen wuta. Busasshen kashin shanu ko tsohon buhun algarara a cikin gwangwanin hayaƙi mai mafici ya wadatar. Hayaƙin yana sa ƙudan su duƙufa shan zuma, yana kuma danne warin da suke saki don kiran 'yan'uwansu zuwa faɗa. A busa kaɗan a ƙofar shigarsu, a dakata minti biyu ko uku, sannan a buɗe. Gano ainihin inda saƙar take ba wuya: a shafa silin da tafin hannu, inda aka ji ɗumi ya fi, nan ne. Kafinta ya cire allon silin ɗin a hankali ko ya ɗaga fallen kwano daga sama, ba tare da buga guduma ba. Wanda zai shiga ciki ya taka katako kawai, kada ya kuskura ya ɗora ƙafa a kan allon silin.

Saƙar za a tarar tana rataye falle-falle a jere. A fara yanka daga gefe da doguwar wuƙa, domin nan ne zuma take, a riƙa kaɗe ƙudan da gashin tsuntsu ko tattausan buroshi, a saka saƙar a bokiti a mayar da murfi nan take. Idan aka iso tsakiya za a ga launin saƙar ya yi duhu, ramukanta ɗauke da ƙwai da fararen tsutsotsi, wasu kuma an liƙe bakinsu. Wannan ita ce saƙar 'ya'ya, kuma a kanta nasarar aikin ta rataya. A yanke ta da kulawa, a ɗaure kowane falle da zaren auduga a jikin sandunan amyar katako yadda yake a tsaye tun asali, ba a kife ba, a jera su kusa da juna kamar yadda aka same su. Sarauniya galibi tana nan; ta fi sauran tsawon ciki, kuma tana gudun haske, don haka a duba lungunan katako inda ƙuda suka taru suka yi curi. A kwashe irin wannan curin da ƙwarya a juye a amya. Idan sarauniyar ta shiga, za a ga ƙuda sun tsaya a bakin amyar sun ɗaga gindi suna kaɗa fukafukai, sauran kuma suna tururuwa ciki da ƙafa. A bar amyar kusa da wurin har su gama shiga, a rufe ƙofarta da raga don iska, a ɗauke ta kafin gari ya waye zuwa wuri mai nisan da ya kai kilomita 5, in ba haka ba da yawansu za su komo tsohon gidansu.

Akwai inda ba a iya fasa rufin, kamar cikin bangon siminti. Nan sai a toshe duk kafofi a bar ɗaya, a ɗaura mata raga mai siffar mazurari wadda bakinta ke kallon waje, ta yadda ƙuda za su fita amma su kasa komawa, a ajiye amya mai ɗan fallen saƙar 'ya'ya a gefe. Wannan hanya tana cin makonni huɗu zuwa shida ko fiye, saboda sai an jira 'ya'yan da ke cikin bangon su girma su fito, kowanne kuwa yana ɗaukar kusan makonni uku daga ƙwai zuwa fitowa, kuma sau da yawa sarauniya ba ta fita.

Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce nan da nan, domin jakar dafin tana ci gaba da tura dafi bayan ƙudan ya tashi, sannan ya busa wa wurin hayaƙi. Kumburi da raɗaɗi a wurin harbi ba abin tsoro ba ne. Amma idan numfashi ya fara sarƙewa, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko jiri ya kama mutum, ko kuma an yi masa harbi masu yawan gaske, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran komai ba.

Washegari a koma a kankare duk ragowar kaki daga katako da kwano, a wanke wurin da ruwan zafi da garin sabulu, in da hali a shafa fenti don ɓatar da ƙamshin. Daga nan a bi bakin rufin kaf a toshe kowace kafa da siminti, domin ramin da fensir zai shiga ya ishi ƙudan zuma wucewa, ramukan shan iska kuma a sa musu raga mai ƙananan ido. 'Yan ƙudan da za a ga suna shawagi a wurin za su watse cikin 'yan kwanaki. A sake zagaya rufin bayan damina, lokacin da furanni suka yawaita kuma zuma ke rabuwa tana neman sabon masauki.