Tarewa da Kuɗin Naƙasa a Birtaniya: Lissafin da Ya Kamata a Yi Tun Da Wuri

A wurin Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ta Birtaniya, wato DWP, ranar tarewa ta fi ranar ɗaurin aure nauyi. Da zarar mutum biyu sun haɗa rufi da tukunya a matsayin miji da mata, gida ɗaya ake ɗaukarsu, ko an yi rajistar auren a ofishin gwamnati, ko a masallaci kawai aka shafa fatiha. Idan ɗayansu yana karɓar tallafin naƙasa, wani ɓangaren kuɗin ba zai motsa ba, wani kuma yana iya yankewa tun a makon farko. Alƙaluman da ke ƙasa na shekarar Afrilu 2025 zuwa Afrilu 2026 ne, kuma ana yi wa kuɗaɗen tallafin ƙari duk watan Afrilu. Dokokin na Ingila da Wales ne; Sikotlan tana da nata sunayen tallafin.

Kafin komai, duba bizarka. Mafi yawan masu bizar karatu, ta aiki ko ta aure, an rubuta musu sharaɗin cewa ba za su ci daga asusun jama'a ba. PIP da Attendance Allowance (tallafin naƙasa), Carer's Allowance (kuɗin mai jinya), Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin shekarun aiki) da Pension Credit (ƙarin kuɗi ga 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi) duk suna cikin wannan asusun. Wanda ya karɓa alhali sharaɗin yana kansa ya saɓa wa ƙa'idar bizarsa, kuma maganar tana iya tasowa ranar sabuntawa. Ko mai takardar zama ta dindindin, sai ya yi makonni 104 a ƙasar cikin makonni 156 da suka wuce kafin ya nemi PIP. An ɗauke wa waɗanda aka ba mafaka wannan jiran.

Kuɗin da tarewa ba ta taɓawa su ne PIP, na mai shekara 16 zuwa shekarun fansho, da Attendance Allowance, na wanda ya kai shekarun fansho. Larurar jiki ake dubawa, ba aljihu ba. Ɓangaren hidimar yau da kullum na PIP fam 73.90 ne ko fam 110.40 a mako, haka ma Attendance Allowance. Ko attajira ka aura, waɗannan suna nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarin da masu karɓarsu ke iya samu a cikin tallafi mai duba kuɗin shiga, wanda takardun ma'aikatar ke kira Severe Disability Premium: fam 82.90 a mako ga mutum ɗaya, fam 165.80 ga ma'aurata. An yi shi ne domin mai naƙasa mai tsanani da ba shi da mai kula da shi a gida, shi ya sa sharuɗɗansa uku suke kewaye da wannan tunanin. Dole kana karɓar ɓangaren hidimar yau da kullum na PIP, ko Attendance Allowance, ko matsakaici ko babban matakin kulawa na DLA, wato tsohon tallafin naƙasa da PIP ya maye gurbinsa ga manya. Ɓangaren zirga-zirga na PIP ko DLA kaɗai bai isa ba. Kada a samu wanda ake biya Carer's Allowance ko kason mai jinya na Universal Credit saboda kai. Sannan kada a samu baligi mai shekara 18 ko fiye da yake zaune tare da kai, sai in yana cikin waɗanda doka ta keɓe.

Ga ma'aurata, ba ya isa a ce ɗaya ne mai larura. Idan maigida yana karɓar Attendance Allowance, matarsa kuma lafiyarta lau, ƙarin ya tafi gaba ɗaya, ko da ba ta nemi ko kwabo na jinya ba. Kasancewarta a gidan kawai ya wadatar. Idan su biyun suna karɓar ɗaya daga cikin tallafin da aka lissafa, kuma ba a biyan kowa kuɗin jinyarsu, cikakken fam 165.80 za su samu. Idan ana biyan wani saboda ɗayansu, sai a koma fam 82.90. Akwai ƙofa guda: idan ɗaya ya cika sharaɗi, ɗayan kuma likitan ido ya tabbatar da makantarsa a hukumance, ana biyan kason mutum ɗaya.

Ya kamata sabon zuwa ya san cewa Universal Credit ba shi da wannan ƙarin kwata-kwata. An rufe karɓar sababbin masu neman tsofaffin tallafin masu shekarun aiki, irin su Income Support da ESA (tallafin wanda rashin lafiya ko naƙasa ya hana aiki) mai duba kuɗin shiga. Saboda haka inda ƙarin yake da rai yanzu shi ne Pension Credit da tallafin kuɗin haya na 'yan fansho. Waɗanda aka mayar Universal Credit daga tsohon tsari suna samun wani kason kariya don kada kuɗinsu ya faɗi lokaci guda, amma kariyar tana ƙarewa ranar da mutum ya tare da wani ko suka rabu, kuma ba ta dawowa.

Maganar Carer's Allowance tana buƙatar a zauna da biro da takarda, domin a nan iyalai da yawa ke yi wa kansu asara da kyakkyawar niyya. Fam 83.30 ne a mako, ga wanda ke jinyar awa 35 ko fiye, kuma abin da yake samu daga aiki bai wuce fam 196 a mako ba bayan an cire haraji da wasu kuɗaɗe. A ce tsofaffi biyu suna karɓar fam 165.80, 'yarsu da ke aure a wata unguwa ta nemi kuɗin jinyar mahaifinta. Ita za ta samu fam 83.30, iyayen su rasa fam 82.90. Ribar dangi dai fam ɗaya ma bai cika ba. Idan kuwa 'yar tana kan Universal Credit, za a cire mata fam 83.30 ɗin daga can, abin da zai rage mata shi ne kason mai jinya na fam 201.68 a wata, kusan fam 46 da rabi a mako. Dangi sun yi asarar kusan fam 36 duk mako. Takardar neman tana gargaɗi a kan haka, amma ba kowa ke tsayawa karantawa ba.

Akwai kuma hanyar da lissafin ke yin daɗi. Fanshon gwamnati da Carer's Allowance ba sa haɗuwa. Idan fanshon mai jinya ya kai fam 83.30 a mako, za a amince ya cancanta amma ba za a biya shi komai ba. Tunda ba a biya ba, ƙarin naƙasa yana nan, kuma a ƙara wa gidan fam 46.40 na mai jinya a cikin Pension Credit. Miji da mata da ke kan Attendance Allowance, kowa yana kula da ɗan'uwansa, suna iya haɗa fam 165.80 da fam 46.40 sau biyu. Sai dai mu da muka zo da girma mu yi hattara: fansho yana bin shekarun da aka yi ana biyan inshorar ƙasa, sai an kai shekara 10 kafin a samu komai, kuma na yawancinmu ɗan kaɗan ne. Idan fanshon bai kai fam 83.30 ba, za a cike gibin da Carer's Allowance, kuma ko fam biyar aka biya, ƙarin fam 82.90 ya faɗi.

Wanda zai ɗauko mata ko miji daga gida yana da sauƙi ɗaya da wahala ɗaya. Sauƙin: tun Afrilu 2024 ana neman mai ɗauko iyali ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, amma mai karɓar PIP, DLA, Attendance Allowance ko Carer's Allowance an ɗauke masa wannan, sai dai ya nuna abin da ya rage masa bayan haya zai riƙe su. Wahalar: amarya mai bizar aure ba za a saka ta a lissafin biya ba. A Universal Credit kason gwauro za a ci gaba da ba ka, amma albashinta da ajiyarta za a lissafa su a kanka. A Pension Credit ma mutum ɗaya ake ɗaukarka, amma zamanta a gidan yana iya kashe ƙarin naƙasa. Rangwamen kashi 25 na harajin gida na ƙaramar hukuma (Council Tax) da ake yi wa mai zama shi kaɗai shi ma zai tafi. Duk wannan a haɗa shi kafin a cika takardar biza.

Tazarar shekaru ma tana da nata hukunci. Tun 15 ga Mayu 2019, idan ɗaya ya kai shekarun fansho ɗayan bai kai ba, Universal Credit za su nema, ba Pension Credit ba. Shekarun fansho 66 ne, ana ɗaga su zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Dattijo mai shekara 70 da ya auri 'yar 45 mai cikakkiyar takardar zama zai bar Pension Credit da ƙarinsa, kuma tazarar kuɗin ba ƙarama ba ce.

Ajiya kuwa ta mutum biyu ake haɗawa. A Universal Credit, abin da ya wuce fam 6,000 yana rage biyan da fam 4.35 a wata kan kowane fam 250, in ya haura fam 16,000 an rufe. Pension Credit yana kau da kai daga fam 10,000 na farko. Fili ko gidan haya a Kaduna ko Maraɗi dukiya ce da ake tambaya, a faɗa.

Ba aure kaɗai ke cika gida ba. Ɗa da ya gama makaranta ya fara aiki, ko ɗan yaya da aka saukar ya yi digiri, baligi ne mai zama tare da kai, kuma ƙarin yana tsayawa saboda shi. Yaron da bai kai 20 ba kuma ana karɓar masa kuɗin yara ba ya cikin lissafi, haka ɗan haya na gaske da ba ɗan'uwa na kusa ba, haka baƙon da ya zo ziyara ya koma. Tafiya ma a ƙirga kwanakinta: Pension Credit mako 4 yake jiran wanda ya fita ƙasar, Universal Credit wata ɗaya, PIP mako 13. Mai niyyar Hajji ya zarce gida gaida dangi zai wuce mako 4 cikin sauƙi. Kwanciyar asibiti da ta haura kwana 28 tana tsayar da PIP da Attendance Allowance, ƙarin ya bi su.

Ranar da aka tare, a sanar. Mai Universal Credit ya rubuta a shafinsa na intanet, mai Pension Credit ya buga lambar da ke kan wasiƙarsa, ya rubuta rana da lokacin da ya kira. Ana iya neman tafinta kyauta. Kuɗin da aka biya fiye da kima bashi ne da za a riƙa cirewa, ga tarar fam 50 idan an ga sakaci. In an yanke hukuncin da ba ka yarda da shi ba, misali aka ɗauki wadda kuke haya gida ɗaya a matsayin matarka, wata ɗaya gare ka daga ranar wasiƙar ka nemi a sake dubawa, in ba a gyara ba ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun tallafi. Ƙungiyoyin agaji na Citizens Advice da Age UK suna yin lissafin kyauta; ka je musu da wasiƙun tallafi, bayanin asusun banki na wata uku da shaidar bizar kowannenku.