Yadda magoya baya za su auna koci idan ƙungiyarsu ta shiga matsin kuɗi

A gidajen kallon ƙwallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, da zarar alƙalin wasa ya busa tashi kuma ƙungiyar da ake so ta sha kashi, maganar da ake fara ji ita ce a kori koci. Wani lokaci maganar daidai ce. Amma idan ƙungiyar bashi ya yi mata katutu, ko an hana ta sayen 'yan wasa, ko albashi ya maƙale, to wannan hukunci na cikin zafin rai yakan zama an bar jaki ana dukan taiki. Na daɗe ina zama cikin irin wannan muhawara, kuma na ga yadda abokai ke ɓatawa a kanta ba tare da an taɓa ainihin matsalar ba, shi ya sa nake so in shimfiɗa hanyar da mai goyon baya zai bi kafin ya ce a bar koci ko a sallame shi.

Abu na farko shi ne a gane irin ciwon da ke damun ƙungiyar, domin matsalar kuɗi ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace tana ɗaure hannun koci ta wata fuska daban. Akwai ƙungiyar da bashi ya hana ta riƙe manyan 'yan wasanta, kamar Barcelona a watan Agustan 2021, lokacin da shugabanta Joan Laporta ya bayyana cewa bashin da ake bin su ya kai yuro biliyan 1.35, kuma a watan ne Lionel Messi ya tafi saboda ƙa'idar albashi ta La Liga ba ta bari a yi masa rajista ba. Akwai wadda hukumar gasa ta zaftare wa maki, kamar Everton da Derby County a Ingila. Sannan akwai wadda ta kasa biyan albashi a kan kari, kuma wannan ita ce muka fi sani a gasar Najeriya. Wanda bai tantance wacce ce a cikin ukun nan ta sami ƙungiyarsa ba, ra'ayinsa a kan koci zai kasance harbi ne cikin duhu.

Idan zaftare maki ne, aikin mai sauƙi ne, kuma ina mamakin yadda mutane ba sa yin sa: a mayar da makin da aka cire, a sake duba teburi. A kakar 2021 zuwa 2022 an cire wa Derby County maki 12 bayan ta faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, aka sake cire mata 9, jimilla 21. Ta ƙare kakar da maki 34 ta faɗi zuwa rukuni na uku. Amma a cikin fili, kocinta Wayne Rooney da yaransa maki 55 suka samo, adadin da zai bar su a gasar cikin kwanciyar hankali. Wanda ya kalli teburi kawai zai ce koci ya jefar da ƙungiya, wanda ya yi lissafi kuma zai ga cewa ofis ne ya jefar da ita, koci ya yi ta ƙoƙarin tallabo ta. Haka aka yi da Everton a kakar 2023 zuwa 2024: an cire mata maki 10, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka ƙara cire 2, duk da haka kocinta Sean Dyche ya kammala da maki 40 a matsayi na 15. Makin da ya samo da guminsa 48 ne, kuma da wannan adadi ya kamata a yi masa hukunci.

Bayan haka sai a ƙirga kuɗin kora, kuma a nan nake so in daɗe, domin shi ne ɓangaren da ba a cika ambata a gidan kallo ba. Koci ma'aikaci ne mai kwantiragi, idan aka sallame shi kafin wa'adinsa ya cika sai an biya shi diyya, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, mataimakansa da mai horar da masu tsaron raga da masu kula da lafiyar jiki duk sukan bi shi, kowa da haƙƙinsa. Manchester United ta kashe fam miliyan 19.6 wajen sallamar Jose Mourinho da mutanensa a 2018, Chelsea kuma ta kashe fam miliyan 26.6 a kan rabuwa da Antonio Conte. Waɗannan attajirai ne, za su iya haɗiye asarar. Ƙungiyar da take neman abin biyan albashin wata mai zuwa ba za ta iya ba. Saboda haka mai goyon baya ya nemi sanin watanni nawa suka rage a kwantiragin koci, ya ninka da abin da ake cewa yana karɓa, ya ƙara da kuɗin ɗauko sabon koci daga inda yake aiki, sannan ya tuna cewa sabon koci zai zo da jerin sunayen 'yan wasan da yake so a sayo masa, alhali aljihun babu kome.

Tarihin Leeds United ya isa gargaɗi a kan wannan. Ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai a 2001, amma da rance aka gina wannan nasara. A 2002 aka kori kocinta David O'Leary, aka sayar da Rio Ferdinand ga Manchester United, aka kawo Terry Venables, shi ma aka sallame shi a 2003, aka kawo Peter Reid, bai ƙare shekarar ba ya tafi. Kowace kora ta ƙara nauyi a kan bashin da ke nan, 'yan wasa suka ci gaba da watsewa, a 2004 Leeds ta faɗi daga Firimiya kuma sai da ta shekara 16 kafin ta dawo. An yi ta canja direba alhali injin motar ne ya buga.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa barin koci shi ne daidai a kullum. Faɗuwa daga babbar gasa ta fi kowace diyya tsada, domin kuɗin talabijin da na masu talla suna raguwa lokaci guda, kuma ƙungiyar da ke fama da bashi ba ta cika farfaɗowa da wuri ba. Idan har alamu sun nuna cewa kocin ne ke jan ƙungiyar zuwa rami, biyan diyyar ya fi arha. Tambayar ita ce yadda za a gane hakan, kuma hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a daina kwatanta ƙungiyar da yadda take a zamanin wadata, a kwatanta ta da takwarorinta masu irin ƙarfin aljihunta a yau. Idan manyan ƙungiyoyi suka doke ta, wannan ba hujja ba ce. Idan kuma tana zubar da maki a gida a hannun waɗanda ba su fi ta 'yan wasa ba, mako bayan mako, kuma kuskure iri ɗaya ake maimaitawa a bugun kusurwa ko a mintuna goma na ƙarshe, to laifin ya fara komawa kan benci.

A kalli 'yan wasan su ma da idon basira, musamman bayan an zura musu ƙwallo. Ɗan wasan da bai karɓi albashi ba amma yana bin ƙwallo har minti na 90, yana faɗa wa duniya cewa akwai wanda yake riƙe da zuciyarsa a ɗakin sauya kaya. Avram Grant ya nuna haka a Portsmouth a 2010, shekara biyu kacal bayan Nwankwo Kanu ya ci musu ƙwallon da ta ba su kofin FA a kan Cardiff City. An cire wa ƙungiyar maki 9, albashi yana jinkiri, faɗuwa ta tabbata, amma duk da haka ya kai su wasan ƙarshe na kofin FA, inda Chelsea ta doke su da ci ɗaya mai ban haushi. Kocin da zai iya haɗa kan mutanen da aka riƙe wa haƙƙinsu yana da wata daraja da ba ta fitowa a teburi.

Wani ma'aunin kuma shi ne yadda yake tafiyar da matasa. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin saye, dukiyarta tana cikin yaran da take rainowa, ko dai su cike gurbin waɗanda aka sayar ko kuma a sayar da su nan gaba a rage bashi. An yi wa Ronald Koeman, kocin Barcelona a lokacin, ruwan zagi a gidajen kallonmu kafin a kore shi a watan Oktoban 2021 bayan Rayo Vallecano ta doke Barcelona, kuma ni ma ina ganin lokacinsa ya ƙare, amma shi ne ya amince da Pedri ya mayar da shi ɗan wasan da ake fara wasa da shi, shi ne kuma ya fara saka Gavi yana ɗan shekara 17. Xavi ya zo ya ɗora a kan wannan harsashi ya ci La Liga a 2023. Adalci ya buƙaci a rubuta wa koci irin wannan aiki a shafin ladansa, ko da a ƙarshe an yanke cewa ya tafi.

Duk wanda ya tsaya a kan a kori koci, a nemi ya faɗi sunan wanda zai maye gurbinsa, kuma sunan ya kasance na mutumin da zai yarda ya zo, wanda ƙungiyar za ta iya biya. Wannan tambaya kaɗai takan kashe rabin gardamar.

A gasar gida lamarin ya fi shafarmu, domin a nan ne muryarmu take da nauyi. Mai goyon bayan Barcelona da ke zaune a Alaba Rago ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen shugabanta, iyakarsa ya yi muhawara mai ma'ana. Amma Bakano ko Bakatsine ko ɗan Maiduguri da ke neman abinci a Legas yana da alaƙa ta kai tsaye da Kano Pillars ko Katsina United ko El-Kanemi Warriors, tunda gwamnatocin jihohi ne ke ɗaukar nauyinsu da dukiyar jama'a, kuma mukan cika filin wasa na Mobolaji Johnson da ke Onikan duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ta zo baƙunta. Al'adar da ta zama ruwan dare a gasarmu ita ce shugabanni su ba koci wa'adin wasa biyu ko uku, ya ci ko ya kama gabansa. Kafin mu tafa wa irin wannan sanarwa, ya kamata mu tambaya ko an biya albashi da alawus na wasannin baya, ko 'yan wasa sun isa garin da za su buga da wuri ko kuwa sun kwana a mota sun sauka sun shiga fili, sannan ko kocin ne ya zaɓi 'yan wasan da aka ɗauka ko an ɗora masa su ne daga sama. Idan amsoshin nan ba su yi daɗi ba, wa'adin da aka ba koci ya fi dacewa da waɗanda suka ba shi. Legas kanta ta ga yadda Stationery Stores, wadda Israel Adebajo ya kafa kuma ta taɓa mallakar zukatan mutanen birnin nan, ta dusashe saboda rikicin mallaka da na kuɗi, abin da babu kocin da zai iya magancewa.

Sai batun yadda za a tattara ra'ayin a isar da shi. Kada a yi hakan a daren da aka sha kashi, a bari a kwana biyu zukata su huce. Idan akwai ƙungiyar magoya baya a unguwa ko zauren WhatsApp, a sa mutum ɗaya mai natsuwa ya fara rubuto bayanan da aka tabbatar, wato matsayi a teburi, makin da aka cire idan akwai, 'yan wasan da suka tafi da waɗanda suka zo, da abin da ya rage na kwantiragin koci. Daga nan a jefa ƙuri'a da zaɓi uku maimakon biyu: a bar shi har ƙarshen kaka, a sallame shi yanzu, ko a bar shi bisa sharaɗin da za a sake dubawa bayan wasanni shida ko takwas. Na lura cewa idan aka ba mutane zaɓi na ukun, da yawa daga cikin masu ihun kora sukan koma can, domin abin da suke so a zahiri shi ne a nuna musu cewa akwai mai sa ido. A bar dattawa su yi magana, a bar matasa su yi, kuma wanda ya zo da zagi a tsayar da shi cikin ladabi, a ce masa, "Malam, kawo hujjarka, muna saurare."

Abin da aka cimma a rubuta shi a taƙaice, da sa hannun shugaban magoya baya da sakatarensa, a aika wa shugabannin ƙungiyar da kuma shirye-shiryen wasanni na rediyo. Wasiƙar ta ƙunshi matsayar da aka ɗauka a kan koci, amma rabinta ya tafi ga tambayoyin kuɗi: nawa ake bin ƙungiyar, yaushe za a biya 'yan wasa, daga ina za a samo diyya idan an yi kora. Magoya bayan Portsmouth sun bi irin wannan hanya ta haɗa kai da tsari har suka sayi ƙungiyarsu da kansu a 2013. Jifa da kutsawa cikin fili da tare motar 'yan wasa kuwa, sakamakonsu a gasar Najeriya sananne ne, wato tara ta miliyoyin naira, ko buga wasa ba 'yan kallo, ko mayar da wasannin gida wani gari, ko zaftare maki, kuma duk waɗannan daga aljihun da ya riga ya huje za a biya su.

Idan aka zaɓi a bar koci bisa sharaɗi, a rubuta ranar da za a sake zama da adadin makin da ake sa ran gani, a duba jadawalin wasannin da ke tafe domin kada a ɗora masa abin da ba zai yiwu ba, sannan a ajiye takardar a hannun sakatare har ranar ta zo.