Ku Fahimci Farin Jinin Shugaban Ƙasa Kafin Ku Sa Baki a Siyasar Filifin

Ɗalibin da ya sauka a Manila ko Cebu ko Davao domin karatun likitanci ko aikin jinya ba zai daɗe ba sai ya ji mai gidan hayarsa yana maganar ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, domin a Filifin ana bibiyar farin jinin shugaban ƙasa kamar yadda ake bibiyar farashin shinkafa. Cibiyoyi biyu ne suka fi shahara wajen gudanar da wannan ƙuri'a, wato Pulse Asia da Social Weather Stations (SWS), kuma ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Pulse Asia takan yi tambaya biyu daban, ko mutum ya gamsu da aikin shugaban, da kuma ko ya yarda da shi kansa. SWS kuwa takan cire yawan waɗanda ba su gamsu ba daga yawan waɗanda suka gamsu ta bayyana ragowar, saboda haka kada ku haɗa alƙaluman biyu a sikeli ɗaya.

Tarihin Rodrigo Duterte, wanda ya yi mulki daga 2016 zuwa 2022, shi ne ya fi bayyana lamarin. A wajen ƙasar an fi saninsa da yaƙi da miyagun ƙwayoyi wanda ya ci rayukan dubban mutane, amma a cikin gida Pulse Asia ta samu kashi 91 cikin 100 sun yarda da shi a watan Yulin 2016, kuma ya sake kai wannan matsayi a Satumbar 2020, ana tsakiyar annobar korona. Abin da ya taɓa shi sosai shi ne tukunyar talaka: a Satumbar 2018, da hauhawar farashi ta kai kashi 6.7 kuma shinkafa ta yi tsada, masu gamsuwa da aikinsa suka sauko daga kashi 88 zuwa 75. Wannan darasi ne da ya kamata baƙo ya riƙe da kyau, domin abin da duniya ke tir da shi ba lalle ne ya zama abin da ke damun maƙwabcinku ba.

Magajinsa, Ferdinand Marcos ƙarami, ya faɗi daga kashi 80 zuwa 65 na masu gamsuwa da aikinsa a ma'aunin Pulse Asia a 2023, shi ma lokacin tsadar shinkafa. Bayan an kama Duterte ranar 11 ga Maris 2025 aka kai shi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague, sai masu gamsuwa da Marcos suka koma kashi 25 kacal.

Ku lura kuma cewa ana rarraba sakamakon zuwa yankunan ƙasar, wato Manila, sauran Luzon, Visayas da Mindanao, kuma bambancin yakan yi yawa. A Davao da ke yankin Mindanao, inda Duterte ya daɗe yana magajin gari, kalma ɗaya ta suka na iya ɓata zumuncin da kuka yi watanni kuna ginawa. Shawarata ita ce ku saurara, ku yi tambaya cikin ladabi, ku bar hukunci ga masu ƙasa. Dokar shige da fice ma ta haramta wa baƙi shiga zanga-zanga da harkokin siyasa, kuma a 2018 hukuma ta tilasta wa Patricia Fox, wata mai hidimar coci 'yar Ostireliya da ta shafe kusan shekara 27 a ƙasar, ta fice bisa irin wannan zargi.