Yadda ake tsara burin rage ƙiba da lissafi: kilo nawa, kuma zuwa yaushe

Mafi yawan waɗanda suka ƙuduri aniyar rage ƙiba da magana ɗaya suke farawa, wato "daga gobe zan rage ci." Niyyar ba ta da laifi, sai dai ba ta faɗi abin da za a rage ba, ba ta faɗi yawansa ba, ba ta kuma tsayar da ranar da za a zauna a duba ko an ci nasara ba. Shi ya sa bayan mako uku mutum ba ya iya cewa ga inda ya kai, sai ya dogara da maganar mutane, wannan ya ce masa ya rame, wancan ya ce masa ai tumbin yana nan yadda yake. Burin da zai yi aiki shi ne wanda za a iya rubuta shi da lamba a takarda, wani ya karanta ya gane ko an cika shi ko ba a cika ba.

Abu na farko shi ne mutum ya san inda yake tsaye kafin ya yi maganar inda za shi. A auna nauyi da kilo, a auna tsawo da mita, sannan a fitar da ma'aunin da likitoci ke kira BMI: a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da aka samu. Mu ɗauki misalin magidanci mai nauyin kilo 92 da tsawon mita 1.70. Idan aka ninka 1.70 da 1.70 za a sami 2.89, idan kuma aka raba 92 da 2.89 za a sami kusan 31.8. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai ga baligi, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce wadda ke buƙatar kulawa. Wannan magidanci yana cikin rukuni na uku, kuma kafin ya koma rukuni na farko sai ya sauko zuwa wajen kilo 72.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ke karya musu gwiwa, domin sai su ɗauki waɗannan kilo 20 gaba ɗaya su mai da su burin farko. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da kashi 5 cikin 100 na nauyin da ake da shi, wanda ga mai kilo 92 ya kama kilo 4 da rabi da ɗan ɗoriya. Adadin yana iya zama kamar bai taka kara ya karya ba, amma sananne ne a wajen likitoci cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 yana saukar da hawan jini, yana gyara sukarin jini, yana kuma rage wa gwiwoyi nauyi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya ɗora wa mahalarta buri biyu kacal: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da cutar a tsakaninsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta su da waɗanda ba a sa a tsarin ba.

Bayan adadi sai wa'adi. Saurin da masana lafiya suka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma ina ba da shawarar a yi lissafi da rabin kilo, domin akwai biki, akwai tafiya, akwai makon da abubuwa ba za su tafi daidai ba. Saboda haka magidancinmu zai rubuta cewa daga kilo 92 yana son ya kai kilo 87 da rabi cikin mako 12, wato mako tara na lissafin rabin kilo da ƙarin mako uku na rara, ya sa kwanan watan farawa da na gamawa. Duk mai tallar shayi ko ƙwayar rage tumbi da ya yi alkawarin kilo 10 a mako biyu, a sani cewa kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) kusan 7,700, wato fiye da abin da baligi ke ci a kwana uku. Abin da irin waɗannan magunguna suka fi fitarwa ruwan jiki ne ta hanyar gudawa ko yawan fitsari, kuma ruwan yana dawowa da zarar an daina sha.

Sikeli kaɗai bai isa ba, kuma ma'auni na biyu yana nan a shagon tela. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya, don haka a auna kewayen ciki da tef, a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wanda ga yawancin mutane yana kusa da cibiya. A yi awon a tsaye, bayan an fitar da numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba, kuma kada a zura tef ɗin ƙarƙashin tumbi inda ake ɗaure tazuge, domin wannan yaudarar kai ce. Haɗari yana fara ƙaruwa ga namiji daga santimita 94, wato inci 37, ya tsananta daga santimita 102, wato inci 40. Ga mace kuwa daga santimita 80, ya tsananta daga santimita 88. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum, wanda ga mai mita 1.70 yake nufin ƙasa da santimita 85. Wanda ya daɗe da tela ɗaya ya roƙe shi ya buɗe masa littafin awo, ya duba awonsa na ɗinkin Sallar shekara uku da suka wuce da na bana, zai ga tarihin ƙibarsa a rubuce da hannun wani.

To, amma nauyi da kewayen ciki sakamako ne, mutum ba ya iya ba su umarni. Abin da ke hannunsa shi ne ayyukan yau da gobe, kuma su ne ya kamata a fi ɓata lokaci wajen tsarawa. Kowane aiki a ba shi lamba. Maimakon "zan rage zaƙi," a rubuta cewa shayin safe da na dare, da ake zuba wa kowannensu ƙaramin cokali uku na sukari, sun koma cokali ɗaya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12, kuma a sauko zuwa cokali 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta santilita 50 tana iya ɗauke da kusan wannan giram 50 ɗin gaba ɗaya, kimanin kalori 200, don haka wanda ke shan ɗaya kullum bayan abincin rana yana da buri a shirye: daga kwalba bakwai a mako zuwa ɗaya. Zoɓo da kunun aya da fura su ma a ƙirga cokulan sukarin da aka zuba musu, kasancewarsu na gida bai rage wa sukarin komai ba.

Mai shi ne abin da ya fi ɓuya wa ido. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, kuma wanda ya saba tsiyaya mai a kan shinkafa da wake kai tsaye daga kwalba yana iya zuba cokali uku bai sani ba. A riƙa auna shi da cokali. Tuwo kuma a ƙirga shi da malmala, daga uku zuwa biyu misali, tare da ƙara miyar ganye irin su kuka da alayyahu da zogale don ciki ya cika. Sai dai a kula, domin malmala tana da halin girma a hankali idan an rage yawanta. A tsayar da mara ɗaya ta kwasa, a riƙe ta. Wanda ya saba cin abinci tare da jama'a a faranti ɗaya ba zai taɓa sanin abin da ya ci ba, gara ya ɗebi nasa a kwano daban ko da zai zauna a cikinsu. Idan aka haɗa lemon da aka bari, da sukarin shayi, da cokalin mai, da tafiyar rabin awa, an kusa kai kalori 500 a yini, wanda shi ne ke ba da kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya.

Motsa jiki shi ma da minti ake auna shi. Mafi ƙarancin abin da ake so ga baligi minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera karatu ba. Bayan sallar Asuba ko bayan La'asar rana ta yi sanyi, kuma matar da ba ta samun fita tana iya zagaya tsakar gida da agogo a hannu. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara biyar kowane mako.

Duk wannan yana buƙatar ƙaramin littafi. Kowane dare a yi alama a gaban ayyukan da aka cika, sau ɗaya a mako kuma a hau sikeli: rana ɗaya, da safe bayan an zaga kafin a karya kumallo, da tufafi marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya da aka ajiye a daɓe mai tauri. Wanda ya hau na kemis yau da babbar riga, gobe ya hau na yaran da ke yawo da shi a tasha, lambobin da zai tara ba su da amfanin kwatantawa. Nauyin jiki yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya ko biyu a yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji, mata kuma jikinsu yana riƙe ruwa a kusa da lokacin al'ada, don haka awon mako guda ba ya yanke hukunci. Kewayen ciki kuwa sau ɗaya a wata ya isa.

Bayan mako huɗu a zauna da littafin. Idan an rage kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, a ci gaba a haka. Idan sikeli bai motsa ba, a fara ƙirga alamomin kafin a zargi jiki, domin sau da yawa za a tarar an cika rabin kwanakin ne kawai. Idan kuwa an cika su amma babu canji, a sauya abu ɗaya tak, ko ƙarin minti 10 a tafiya ko rage soye-soyen safe, a sake jiran mako biyu. Raguwar takan yi jinkiri bayan watannin farko saboda jikin da ya rage nauyi yana ƙona ƙasa da abin da yake ƙonawa a da. A kuma sa kalanda cikin lissafi: a watan azumi a ƙayyade yawan ƙosai da soyayyen dankali na buɗa baki, a makon Babbar Sallah kuwa burin da ya dace shi ne kada nauyi ya ƙaru, ba wai ya ragu ba. Idan an cimma kashi 5 na farko, a riƙe shi na wata guda kafin a rubuta na biyu.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai shan maganin hawan jini, su nuna wa likita tsarin kafin su fara, domin rage ci tare da maganin yana iya faɗar da sukari ƙasa sosai, kuma ana iya buƙatar rage yawan maganin yayin da nauyi ke sauka. Mai juna biyu ba ta sa wa kanta burin rage nauyi, mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba su ma sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya canza komai a cinsa ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari ko tarin da ya wuce mako biyu, ya je asibiti a gwada shi.